Yadda Zaka Rabu Da Bishiyoyin Da Suka Addabi Bakin Tafkin Kifinka

Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifi, musamman masu tafkin ƙasa irin wanda ake haƙawa a fadama a tara ƙasar a gefe ta zama ganuwa mai riƙe ruwa. Masu na siminti da na tamfol kuma kada ku wuce, akwai naku a ciki.

Shekarar da na karɓi tafkin nan nawa akwai darbejiya guda biyar a kan ganuwarsa, babu wanda ya shuka su, jemagu ne da tsuntsaye suka sha 'ya'yan a gari suka zo suka yar mana da ƙwallon a nan. Na ɗauko yara biyu da gatari cikin rani muka kwantar da su a wuni ɗaya, na sallame su na tafi gida ina jin na gama aiki. Ruwan farko ya sauka, bayan kamar sati uku na zo zagaye sai na tarar kowane kututture ya fito da tofo sama da goma, kore shar, wasu ma ba a jikin kututturen suka fito ba, can gefe suka ɓullo daga saiwa. Dattijon da ke maƙwabtaka da ni a gona yana tsaye da fartanyarsa a kafaɗa yana min dariya, yace "Ɗana ai ba kashe su kayi ba, aski kayi musu." Nace "Baba to yaya ake yi?" yace shi dai a saninsa bishiyar da ƙafarta ke cikin danshi ba a gama da ita da gatari. Gaskiya ya faɗa, kuma duk abinda zan rubuta a ƙasa a kan wannan maganar yake tafiya, saiwa ake yaƙa ba reshe ba.

In ka shiga YouTube kana neman maganin wannan matsalar yawanci Turawan Amurka da Ingila zaka gani suna fama da wata bishiyar bakin ruwa da suke kira wilo, mai dogayen rassa sirara. Halinta shine in ka sare ta sai ta tofo, in reshe ya karye ya faɗa taɓo sai ya yi saiwa ya zama sabuwar bishiya, har ta kai a Ostareliya tun 1999 aka saka yawancin nau'inta cikin jerin tsirran da suka zame wa ƙasar annoba. Mu ba ita ce ke damunmu ba, amma halin nata kaf akwai shi a namu, darbejiya ta ɗauki tofon, cediya da durumi sun ɗauki kamawa daga reshe, turare wanda wasu ke ce wa zaiti ya ɗauki shan ruwa, ƙaidaji kuma ya haɗa da ƙaya. Dabarun da suke yi wa wilo suna ci a kan waɗannan, sai dai lokacin yi da kayan aiki ne zaka juya su zuwa namu.

Kafin ka taɓa gatari, zagaya tafkin da safe ka raba bishiyoyin gida uku a ranka. Akwai waɗanda ke kan ganuwa ko gindinta ta baya, waɗannan babu sulhu tsakaninka da su. Akwai waɗanda ke bakin ruwa a gefen da ƙasa take daidai ba tarin ƙasa ba, waɗannan illarsu ganye ne da inuwa da yaga taru. Sai kuma na nesa, wanda ya kai kamar mita 8 zuwa 10 daga ruwa, ka ƙyale su dan Allah, musamman na yamma da ke tare ranar la'asar, kai ma kana buƙatar wajen zama kana kallon kifinka. Ka fi sa ido a kan na arewa maso gabas, don ta can iskar hunturu ke busowa, duk ganyen da suka zubar cikin ruwanka zai ƙare. Ni fenti ja nake shafa wa wanda za a cire, saboda in ka bar wa lebura da baki kawai zaka dawo ka tarar ya sare mangwaron da kake so ya bar bagaruwar da ka tsana.

Wani zai ce wai meye laifin ganye, ba abinci bane ga kifi? Kaɗan ba laifi. Amma ganye mai yawa in ya nutse yana ruɓewa, ruɓewar nan tana cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa, kuma da asuba abin ya fi tsanani, shi yasa zaka zo da sassafe ka ga ƙarfasa sun taso sama suna buɗe baki kamar masu roƙo. Tarwada tana da dauriya don tana iya shaƙar iska daga sama, amma ita ma in ruwa ya lalace cin abincinta raguwa yake, kai kuma kana ta zuba buhun abinci mai tsada. 'Ya'yan bagaruwa kuwa kowa ya san su majema ke jiƙawa su jeme fata, to in suka zuba a tafki ruwan rinewa yake ya koma kalar shayi. Ga inuwa da ke hana ruwa yin koren nan da ƙarfasa ke ci, ga zalɓe da shirwa sun samu wajen zama kyauta suna zaɓen 'ya'yan kifi, ga guza da maciji sun samu maɓoya. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abu na biyu, ka tambaya kafin ka sare. Babbar bishiya ko a gonarka take ma'aikatan gandun daji suna da magana a kanta, a Nijar ma abin ya fi tsauri, irin su gawo doka ta kare su. Ka je ofishinsu na ƙaramar hukuma ko ka bi ta wajen mai unguwa, kuma in bishiyar kan iyaka take ka yi magana da maƙwabci. Wannan tafiyar ta rabin wuni ta fi maka rigimar wata guda.

Sai lokaci. Mafi daɗin aiki shine bayan ka kwashe kifi ka rage ruwa, daga kaka zuwa farkon rani, ƙasa ta fara bushewa ba zamewa, ba ruwan sama da zai wanke magani ya kai shi tafki, kuma bishiya tana da ganyenta tana aiki. Kada ka bari sai tsakiyar damina lokacin da tafki ya cika maƙil ka ce zaka tono saiwa a ganuwa, wannan ganganci ne. In ba zaka iya kwashe kifin ba to aƙalla ka sauke ruwan ya koma ƙasa da inda zaka yi aiki.

Fara da ƙanana. Duk wanda bai wuce kaurin babban yatsa ba tumɓuke shi ake yi da saiwarsa, ba a sara. Ka zuba masa bokiti ɗaya na ruwa da yamma, da safe ka kama shi ta can ƙasa ka ja a hankali kana jujjuyawa, in ya ƙi ka sa diga ta gefe ka ɗaga. Darbejiya ƙarama tana da saiwa ɗaya doguwa da ta miƙe ƙasa, in ta tsinke a sama zata dawo, don haka kada ka fizga da ƙarfi. Ramin da ya bari ka cika da yumɓu ka taka da dunduniya. Wannan aikin yara ma zasu iya, kuma wallahi da na san haka tun farko da ban kashe ko sisi a kan magani ba.

Ƙaidaji nashi daban ne. Wanda bai san shi ba, shine ƙayar nan ta bakin ruwa mai ganye ƙanana da ke rufewa in ka taɓa, 'ya'yansa masu gashi-gashi suna karyewa gaɓa-gaɓa su bi ruwa, kuma irin yana iya shekaru a ƙasa bai mutu ba. In ka sare shi a sama ka ƙara masa ƙarfi ne. Sa safar hannu mai kauri da rambut, ka ɗaga rassan da sanda mai baki biyu, ka sa diga ko gatari ka datse shi a ƙarƙashin ƙasa kamar zurfin yatsu huɗu zuwa biyar, wato wajen santimita 10, a nan ne ba ya iya tofowa. Ka yi wannan tun yana fure kafin ya yi 'ya'ya. In ya riga ya yi 'ya'ya ka shimfiɗa tamfol ka tara a kai kada ka ja shi a ƙasa kana shuka wa kanka aikin baɗi. Wata dabarar kuma, wanda ke can ƙasa inda ruwa zai rufe in ka cika tafki, ka sare shi daf da ƙasa kwana ɗaya ko biyu kafin ka sako ruwa, in kututturen ya yi wata guda ko fiye a nutse yawanci ya tafi kenan. Darbejiya ma ba ta son ƙafarta ta daɗe cikin ruwa, ita ma wannan yana cinta. Kachalla da ta cinye fadamun Haɗeja da Nguru ma kusan haka ake mata, a yanke ta a ƙarƙashin ruwa ta rasa numfashi, a maimaita sau biyu ko uku, amma wannan zance ne na wata rana.

Yanzu matsakaita, daga kaurin hannu zuwa kaurin cinya, su ne suka fi yawa kuma a nan mutane ke yin aikin baban giwa. Hanya biyu ce, da magani ko ba magani.

In da magani ne, abinda kake nema shine maganin kashe ciyawa mai sinadarin gilaifoset, ka duba bayan galan ɗin zaka ga an rubuta sunan da ƙarfinsa, yawanci 360 ko 480, irin su Roundup da Force Up da makamantansu da ake sayarwa a shagon kayan gona. Kada mai shago ya baka mai farakwat yace ai duk ɗaya ne wannan ma ya fi sauri, eh ya fi sauri wajen ƙona ganye amma ba ya sauka saiwa, ga shi guba ce mai tsanani ga mutum. Abinda kake so shine wanda ke bin jikin bishiya a hankali ya sauka ƙasa. Kayan aikin kuma ba yawa, ƙaramin burushin fenti, robar da ka yanke, safar hannu ta roba, ruwa mai tsabta da sabulu a gefe, sai 'yar bula ta wanki. Sifireya ka barta a gida. Ina maimaitawa, kada ka yi feshi a bakin tafki, saboda sinadarin da ake haɗa maganin da shi don ya kama ganye yana yi wa kifi da talibambam illa, iska kaɗan zata kai shi ruwa.

Haɗin shine rabi magani rabi ruwa, in bishiya mai taurin kai ce kamar turare zaka iya shafa shi a yadda yake ba sirki. Ruwan rijiya ko na burtsatse zaka sa, banda ruwan tafki mai laka, don laka tana kama maganin ta kashe masa ƙarfi. Ka haɗa a roba ba a bokitin ƙarfe mai ruwan kwano ba, ka ɗiga bula ya yi shuɗi yadda zaka gane kututturen da ka shafa da wanda ka tsallake. Kaɗan zaka haɗa, rabin kofi yana yin kututture da yawa.

Mutum biyu ake aikin, ɗaya na yanka ɗaya na tsaye da burushi. Ku ɗaura igiya a sama ku ja bishiyar ta faɗi waje ba cikin ruwa ba, kuma kowa ya kauce daga inda zata faɗi da bayanta. A yanke daf da ƙasa, kamar yatsu huɗu, a kwance sumul ba a karkace ba don kada maganin ya gangare, zarto ya fi gatari kyau a nan, in gatari ne kawai to a gyara saman da adda. Ka share garin katakon da hannu, sannan ka shafa nan take, cikin minti biyar, kada kace bari mu gama kayar da duka mu sha ruwa tukuna. Bishiya tana rufe ciwonta da sauri, in saman ya bushe maganin zama zai yi a kai kawai kamar fenti. Nan ne sirrin gaba ɗaya, kuma nan ne na fara faɗuwa, shekara ta biyu na sayi magani mai kyau amma na shafa washegari, aka wayi gari tofo ya sake fitowa ina ta zagin mai shago alhali laifina ne.

Ina ake shafawa? Ka kalli kututturen da kyau, tsakiya katako ne mai duhu, wannan kusan matacce ne ba ya kai saƙo ko'ina. Zagayen da ke ƙarƙashin ɓawo, mai haske mai danshi, shine hanyar da abinci ke bi ya sauka saiwa. To wannan zoben zaka bi da burushi ka zagaye shi tsaf ba tsallake, ya jiƙe amma kada ya zuba ƙasa. In ƙaramin kututture ne ka shafe saman duka. Bayan nan ka kifa masa tsohuwar roba ko ka ɗaura leda saboda awaki da yara, kuma kada ka sako ruwa ya taɓa shi sai ya yi kwanaki ya bushe. Hankali ɗaya, in akwai darbejiyar da kake so kusa da wadda ka shafa wa, saiwarsu na iya haɗuwa a ƙasa, maganin ya tsallaka ya taɓa ta.

Akwai wata hanyar ga bishiyar da ba ka son kayarwa yanzu, wadda ke nesa da ruwa kaɗan. Ka sassare ta da adda a zagaye, saran yana kallon ƙasa ya zama kamar ɗan aljihu, ya wuce ɓawo ya taɓa farin itace, ka bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin sara da sara kada su haɗe, sai ka ɗiga kamar mililita ɗaya na maganin a kowane aljihu da sirinji marar allura. Cikin 'yan makonni ganye zai fara rawaya, ka barta wata biyu ko uku ta mutu har ƙasa kafin ka sare. Amma in ta rankwafo kan ruwa kada ka yi mata haka, don duk ganyen a tafki zai zube lokaci guda, ka gudu daga ruwa ka faɗa rijiya.

Ragowar magani dan girman Allah kada a zuba shi a robar lemo ko ta ruwan sha a ajiye a ɗakin gona, a barshi a galan ɗinsa a kulle. Burushi da roba a wanke su nesa da tafki da rijiya.

Wanda ba ya son magani kwata-kwata, ko kifinsa na ciki yana tsoro, shi ma yana da hanya, haƙuri kawai take ci. Yanke daf da ƙasa, ɓare ɓawon kututturen har zuwa inda ya shiga ƙasa, ka rufe shi da baƙar leda mai kauri ninki biyu ko guntun tsohon tamfol ya wuce shi da kamar taku ɗaya ta kowane gefe, ka danne gefen da ƙasa da duwatsu yadda haske ba zai shiga ba. Duk sati biyu ka zagayo, duk tofon da ya leƙo ta gefe ka ɓalle shi da hannu tun yana laushi kafin ganyen ya buɗe sosai. Hikimar ita ce saiwa rumbu ce, duk tofon da ta fitar daga rumbun take ciyar da shi, in ka bar ganye ya buɗe ya sha rana zai mayar mata da abinda ta kashe har da riba, in kana cirewa da wuri rumbun ƙarewa yake. Damina ɗaya zuwa biyu yake ɗauka. In ka yi wata biyu ba ka leƙa ba ka koma farko, ba wasa. Awaki suna taimakawa wajen cinye tofo da rani, sai dai kada ka bari shanu su hau ganuwa, kofatonsu yana rusa gaɓa.

Abubuwan da za a baka shawara a majalisa kuma ka ƙi: baƙin mai, gishiri buhu guda, ruwan batir, kalanzir. Duk waɗannan ruwan sama na farko zai tattara su ya kai wa kifinka, gishirin kuma ya bar maka wajen da ko ciyawa ba zata fito ba, ganuwar ta zauna tsirara ruwa yana cinta. Cinna wuta a kututture ɗanye ma saman kawai yake ƙonawa.

Rassan da kuka sare kada su kwana a bakin ruwa. Ni da kaina na taɓa kafa sanduna don ɗaura ragar tare tsuntsaye, ashe uku daga ciki na cediya ne yaron ya saro min, kafin in farga sun yi ganye, da na zo cirewa sai da muka sa diga, saiwar ɗaya ta riga ta miƙa ta nufi bututun da nake zubar da ruwa. Duk itacen da aka san ana shinge da shi yana kamawa, cediya, durumi, bini da zugu, dashi, kada ka kafa shi ɗanye kusa da tafki kuma kada ka yar da shi a taɓo. A kwashe a kai tudu a jingina kan duwatsu ya bushe. Darbejiya dai ba asara, ga itacen girki ga dirka mai kyau da gara ba ta cika damu ba. Ka bi cikin tafkin ma ka tsince duk guntun reshe da ƙaya, in ba haka ba ranar kamu taru zai faɗa maka.

To yanzu ga babbar magana, babbar bishiya a kan ganuwa, wadda kaurinta ya wuce kamar inci 6. Wannan in ka kashe ta da magani ka tafi ka yi gyaran gangar Auzinawa. Tana raye saiwarta ta ratsa ganuwa tana neman ruwa, amma aƙalla ta toshe ramin da ta yi. Ranar da ta mutu saiwar zata fara ruɓewa, gara ta shiga, bayan shekara biyu ko uku sai a samu rami dogo kamar tiyo daga cikin tafki zuwa waje. Haka ta faru da ni da mafi girma cikin darbejiya biyar ɗin nan. Wata safiya cikin rani na ga wani waje a bayan ganuwa ciyawarsa kore alhali ko'ina ya bushe, na taka sai ƙafata ta nutse, na tona da hannu sai ga ruwa yana tsattsafowa siriri, na ci gaba da tonawa na zaro wata ruɓaɓɓiyar saiwa mai kaurin hannuna, tana marmashewa kamar burodin jiya. Ruwan da nake ta ƙorafin rana ce ke shanye min, ina ta ƙona fetur a injin ban ruwa, ashe ta nan yake bi. In ka ga irin wannan ka duba kalar ruwan, in garau yake fita da sauƙi tukuna, in da laka yake fita to ganuwar ce ke narkewa daga ciki, ka sauke ruwa a ranar kada ka jira gobe.

Yadda ake cire irin wannan shine ka sauke ruwa ya koma ƙasa da gindin bishiyar sosai, in da hali ka zubar duka. Ka sare ta amma ka bar kututture mai tsayi kamar zuwa ƙugu don ya zama abin kamawa a jijjiga. A tona a zagaye, a datse saiwoyin gefe, a ture kututturen ya fita, sannan a bi kowace saiwar da ta kai kaurin yatsu biyu a tono ta, musamman wadda ta nufi ruwa. Ramin kada a barshi tsaye kamar rijiya, a faɗaɗa bakinsa a yi masa hawa-hawa yadda sabuwar ƙasa zata kama tsohuwa. Sai a kawo yumɓu mai kyau marar ciyawa marar yashi, a yayyafa masa ruwa ya yi danshin da in ka dunƙula a hannu zai riƙe ba ya ɗiga ba ya wargajewa, a zuba kaurin santimita 15, a daka da taɓarya ko guntun gungume har sai ya daina nutsewa, a sake zuba wani 15 a sake dakawa, haka har sama, a ɗan ɗara saman don zai zauna. Leburori zasu so su juye baro goma lokaci ɗaya su taka da ƙafa suce an gama, ka tsaya a kansu, wannan dakan shine aikin. In ganuwar doguwa ce ta fi tsayin mutum, ko akwai gidaje ko gonakin mutane a ƙasanta, ka nemo injiniyan da ya san aikin dam ya duba kafin a taɓa. Ruwa kuma a mayar da shi a hankali cikin kwanaki ana duba bayan.

Masu tafkin siminti, naku shine cediya da durumi da turare kada su kusanci bango ko bututu, saiwarsu tana jin danshi ta ƙaramin tsagu ta shiga ta buɗa shi. Masu tamfol ku duba ƙasan kafin shimfiɗawa, tofon darbejiya da ƙayar bagaruwa suna huda shi.

In ka gama cirewa kada ka bar wajen fili, ƙasar da aka tona ga danshi ga rana ita ce gadon da irin bishiya ke so. Shuka ciyawa. A saman ganuwa da gangarenta kiri-kiri ta fi, tana shimfiɗuwa ta rufe ƙasa, ka yanko ta da ƙasarta ka manna ka ba ta ruwa sati biyu. A gindin ganuwa ta baya da inda ruwan sama ke zaizaya ka jera jema, ita wannan da ake zana da ita, saiwarta ƙasa take miƙewa ba ta yawo gefe, ka raba tushen ka dasa a layi tazarar kamar tafin hannu. Ka riƙa yanke ciyawar tana gajeriya don ka iya ganin rami ko danshi ko ɗan tsiro in ya fito.

Daga nan sai zagaye. Ni duk ranar Juma'a da safe kafin in ba kifi abinci nake bin ganuwa da 'yar fartanya, minti goma ne, kuma daga saukar ruwan farko zuwa wata biyu nake ninka shi don lokacin ne ƙwallon darbejiya da irin ƙaidaji ke tashi. Ƙarƙashin wayar da na ja ta raga nan na fi samun su a jere, inda tsuntsaye ke sauka suna kashi. Satin da ya wuce guda goma sha ɗaya na tumɓuke a wajen, har da wata 'yar cediya da ta fito a tsagun simintin bakin bututu, ita sai da na sa tsinken ƙarfe na ƙwaƙulo saiwar na liƙe wajen da sabon siminti.